Ɓarawon da Ba Ya Fita Ranar Ruwa

Ranar Litinin da safe, ana shirin buɗe gwanjon shanu a Tacuarembó, aka nemi maruƙan Don Aparicio Techera a na'ura aka rasa. Su dai dabbobin ga su nan tsaye cikin shinge suna kaɗa jela, kowanne da lambarsa a kunne. Amma da mai gwanjo ya taɓa na'ura, sai ta ce maruƙan na wani Lisandro Pintos ne, can wajen Rivera. A gwanjon ƙungiyar makiyayan nan kuwa, saniyar da na'ura ba ta san ka da ita ba, ko kai ka karɓi haihuwarta ba ka isa ka sayar ba.

Kafin rana ta take, kowa ya ji abu biyu. Na farko, ba wannan ne karon farko ba. Na biyu, Lisandro Pintos baffan Yamandú Pintos ne, ɗaya daga cikin mutum ukun da ke kula da na'urar a Montevideo. Don Aparicio ya cire hularsa ya buga a gwiwa, ya ce ya ba su zuwa Litinin mai zuwa. In ba a nuna masa wani ɓarawon ba, sunan Yamandú zai kai wa 'yan sanda. Satar shanu kuwa a ƙasar nan gidan yari ce, da doki aka yi ta ko da yatsa.

* * *

Shi ya sa Heber Curbelo, mai kamfanin da ke kula da na'urar, ya kira Nibia Larrosa.

Nibia mace ce gajera mai furfura, kullum filas a hammata, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, a hannu. Ta daɗe tana duba rubutun da mutane ke aikowa daga ko'ina a duniya don a saka cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ɓangaren da ke magana da faifan ajiya. Manyan ƙwararru kan aiko mata da aikinsu gabansu na faɗuwa. Ubanta mai bin sawun dabbobi ne a arewa, ita kuwa takan ce abu ɗaya ta gada a wurinsa, rashin sauri.

Kamfanin wani tsohon gida ne a unguwar Palermo, mai daɓen katako. Na'urar tana ɗakin gaba, jikin bangon titi, don ɗakin baya yana yoyo.

"Doña Nibia, kin san ni," in ji Heber, yana cika kujera har tana kuka. "Layin aiken nan ni na rubuta shi da hannuna. Ya ga gwamnati uku bai yi tari ba."

"Maimaita mini shi kamar ban sani ba."

"Ke ma dai! Kowane aike da za a yi wa faifai, karanto mini kaza ko rubuta mini kaza, sai a ba shi gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura. Ya bi layi. Faifai ya gama, ya zuba amsa a gurbin, a kwashe, a ba na baya gurbin. Me ya fi wannan sauƙi?"

"To wa kake zargi?"

Heber ya kalli rufin ɗaki. "Ban ce zargi ba. Amma shekara guda ke nan Yamandú na cika mini kunne, wai yaren rubuta manhaja na C da na yi aiki da shi ya tsufa, a sake rubuta layin da sabon yarensu, Rust. Na ce masa in ya ga C ya kashe wani ya kira ni jana'iza. Ya ce, 'Za ka gani, Ƙato.' Ga shi kuwa na gani. Kuma duk ɓarnar ranar Lahadi take faruwa, shi kaɗai ke shigowa Lahadi."

* * *

Marianela Sosa, ta ukunsu, tana da nata tunanin. Ta ce ko dai wasu 'yan kutse ne daga waje, ko kuwa ƙwaƙwalwar na'urar ce ta lalace.

"Kun canza ta?"

"Mun canza, Doña, sabuwa fil. Lahadin da ta biyo baya lafiya lau, har Heber ya gasa mana nama. Bayan nan kuma abin ya dawo."

"Ƙofofin waje fa?"

"Na duba har idona ya yi ja, ko ƙuda bai shigo ba." Ta rage murya. "Ni ba na son ya zama Yamandú ne. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Amma na rasa wanda zan ɗora wa."

* * *

Nibia ta sami Yamandú a gida, wani ɗaki da falo a Barrio Sur, yana jijjiga jaririya a kafaɗa. Dogo ne siriri, idanunsa sun faɗa. An karɓe masa makulli tun Litinin.

"Me ke kai ka ofis ranar Lahadi?"

"Gangata. Dubi gidan nan, Doña, in na shigo da ita sai dai ni in kwana a baranda. Can nake ajiye ta, in ɗauka da yamma, mu gasa fata a bakin wuta, mu bi titi. Na gaya musu, Heber ya yi dariya."

"Baffanka Lisandro fa?"

Yamandú ya yi tsaki. "Mutumin da ya miƙe ranar aurena ya ce zuri'ar Pintos ta ƙare a kan makaɗi? In zan yi sata, shi zan sata wa? Ai sai dai in sace nasa."

"Ka ce wa Heber zai gani."

"Na faɗa, kuma bakina ya ja mini. Ni dai na san rubutun nan yana barin mutum ya taɓa abin da ba a hannunsa yake ba. A ina, ban sani ba. Da na sani ai da na nuna masa." Ya juya jaririyar ɗaya kafaɗar. "Na ma rubuta nawa layin a Rust, a lokacin hutuna. Ko buɗewa bai yi ba."

"Turo mini," in ji Nibia.

* * *

Daga nan ta zauna da shafukan da suka ɓaci. Mai bin sawu ba ya fara tambayar wa ya wuce, sai ya ga yadda ƙafa ta taka.

Abin da kowa ya gani shi ne Lisandro ya sami maruƙan Don Aparicio. Abin da ba wanda ya tsaya dubawa shi ne bajiman Lisandro da ke wannan shafin sun ɓace ƙurmus, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya fi maruƙan nan daraja. A karon baya ma, shanun wata gwauruwa sun koma sunan wani dattijo da aka binne tun bara. Wane irin ɓarawo ne ke kai wa gawa kaya? Kuma ba suna aka goge aka sa wani ba. Shafi ne guda sukutum ya faɗo kan wani shafin, kamar ƙafa ta taka kan sawun wata ƙafar.

Nibia ta san wannan sawun. Aike ne da ya yi jinkiri, ya dawo ya tarar an ba wani gurbinsa, ya zuba kayansa a ciki bai tambaya ba. Ta bi rubutun Heber har ta iso wurin da ta zata: in faifai ya daɗe bai amsa ba, a karɓe gurbin a ba na baya. Ba a gaya wa faifan ya dakata ba.

Sai dai sanin hanya daban, kama ɓarawo a kanta daban. Ta ɗora wa na'urar aiki har ta yi zafi, ta ninka, ta sake ninkawa. Faifan bai yi jinkiri ko sau ɗaya ba. Heber ya leƙo ya ce, "Wannan wurin ai na ajiye shi ne don ko ta kwana, bai taɓa aiki ba. Faifan nan lafiyarsa ƙalau." Gaskiya ya faɗa. In kuwa faifai ba ya jinkiri, maganarta ta zama labari, Don Aparicio kuma ba ya sayen labari.

* * *

Ranar Juma'a aka wayi gari da ruwa. Duk Montevideo in ana ruwa wainar fulawa ake nema, don haka Nibia ta tsallaka titi wurin Doña Iris, wadda ke suya a zauren gidanta.

"Yau dai kasuwa taki ce, Doña Iris," in ji Nibia.

"Ranar aiki, e. Amma in Lahadi ce, ruwa maƙiyina ne, 'yar uwa. Fata ba ta son laima. Ganguna ba za su fito ba, jama'a ba za su biyo su ba, sai in zauna ni da kaskona. Lahadin nan ta bayan an canza musu kayan na'ura, da ba don dogon nan Yamandú ba, da ko ɗaya ban sayar ba. Wuni ya yi a ofis shi kaɗai yana jiran ruwa ya tsaya, yana aikowa... me nake cewa, da kansa yake tsallakowa, har sau nawa."

Nibia ta tsaya da tauna. Wannan ita ce Lahadin da Marianela ta ce an wuce lafiya. Mutumin da ake zargi ya wuni shi kaɗai da na'ura, ba abin da ya ɓace.

"In ba ruwa fa, ta nan makaɗan suke bi?"

"Ta ƙofata da ƙofarsu, kuma daidai nan suke tsayawa su yi ta zuba kiɗa, don a kwanar nan tsohon shugabansu ya rasu. Ke, ni fa faranti nake saukewa daga kanta kafin su iso! Da kansu suke tafiya, in ban kula ba sai dai in ji tas a ƙasa."

Nibia ta juya ta kalli tsohon gidan ta cikin ruwa: bangon titi, daɓen katako, da faifan da ke juyawa a ciki, allura na bin sa a tazarar da ba ta kai silin gashi ba. Kuma yammacin Lahadi ne makiyaya ke turo shanunsu don gwanjon Litinin, lokacin da layi ya fi cika.

"Ƙara mini biyu," ta ce, "kuma ki yi addu'a jibi rana ta fito."

* * *

Rana ta fito. Da yammacin Lahadi duk suka hallara a ɗakin gaba. Don Aparicio ya zo tun daga Tacuarembó a bas, da takalmansa na hawan doki, da nasa ƙoƙon maten mai bakin azurfa. Ya ce shi zai zuba wa mutane. Ya cika ya miƙa wa Nibia, ta shanye ta mayar. Ya miƙa wa Marianela. Da aka zo kan Yamandú, sai hannun tsohon ya tsallake shi ya wuce wurin Heber. A ƙasar nan gara a mare ka da a tsallake ka a zagayen mate. Yamandú ya sunkuyar da kai, gangarsa na jingine a lungu.

"Na ware shanun gaskiya gefe, ba abin da zai taɓa su," in ji Nibia. "Waɗannan da ke kai da kawo a layi na ƙarya ne. Ga shafin Don Aparicio, ga na Heber, ga na Marianela. Yamandú, sa hannuwanka a aljihu, kada ka fitar."

"Sai kuma me?" in ji Don Aparicio.

"Sai mu jira ɓarawo. Yana hanya."

Can daga nesa aka fara jin su. Da fari kamar bugun zuciya, sannan tagogi suka ɗauka, sannan katakon da ke ƙarƙashin ƙafa. Ganguna fiye da yadda ido zai ƙirga suka cika titi, suka zo daidai bango suka tsaya. Nibia ta kama hannun Don Aparicio ta ɗora a jikin na'urar.

"Karkarwa take kamar doki ya ga maciji!" ya ɗaga murya.

"Dubi allo."

Faifan da bai taɓa jinkiri ba ya fara lalube, allurarsa na kuskure hanya tana sakewa. Layi ya taru. Sai shafin Heber ya ƙifta, shanun Don Aparicio suka bayyana a cikinsa reras.

Marianela ta dafe baki. Don Aparicio ya juya a hankali ya kalli Heber. "Ashe kai ma ɓarawo ne, Ƙato?"

* * *

Sai da gangunan suka yi gaba aka iya jin magana. Heber ya ce bai gane ba, ko kuwa ya gane bai so. Don Aparicio, don ya sami abin yi da hannunsa, ya cika ƙoƙo ya miƙa masa. Heber ya kai bututu baki ya ja, kumatunsa suka cika.

Nan take Nibia ta fizge ƙoƙon daga bakinsa ta danƙa wa Marianela.

"Doña!" Don Aparicio ya miƙe tsaye. "Wannan wace irin tarbiyya ce?"

"Ya daɗe, na ɗauka ya gama. Heber, ruwan da ke bakinka, a ce ba ka iya haɗiyewa, ina za ka mayar da shi?"

Heber, baki cike, ya kalli ƙoƙon.

"Kada ka kuskura!" in ji Marianela, ta ɓoye shi a bayanta.

"To faifai ba shi da kunya, shi mayarwa yake," in ji Nibia. "An aike shi ya kawo shafin Don Aparicio. Kiɗa ya rikita shi ya daɗe. Rubutunku ya gaji da jira ya ba wani gurbin, aka zuba shafin Lisandro a ciki za a kai ajiya. Sai ga faifai ya iso a makare ya juye maruƙa a kai. Aka ajiye su da sunan Lisandro. Ɓarawonku ke nan, kuma ba ya fita ranar ruwa."

Heber ya haɗiye da ƙyar. Ya daɗe yana kallon rubutun da Nibia ta buɗe masa. "Ni na rubuta wannan," ya ce.

"Kai ka rubuta, su biyun nan suka karanta suka wuce, kuma ba don sakarci ba. Aikinka mai kyau ne, Ƙato, na duba shi kaf ban ga wani aibi ba sai wannan. Ido ba ya kama irinsa, don sai abu biyu sun haɗu a ƙiftawa ɗaya."

"Gobe a mayar da na'urar ɗakin baya, in gyara rufin."

"Mayar. Amma faifai zai tsufa, wata rana ya yi jinkiri ba ganga ba biki. Wannan ramin zan toshe maka yau da hannuna: kada a karɓe gurbi sai faifai ya ce ya saki. Sai dai wa ya san ramin da wani zai haƙa baɗi? Ku zo ku ga wani abu."

Ta buɗe layin da Yamandú ya rubuta. Ta ce a wannan yaren kowane gurbi hannu ɗaya ke riƙe da shi, kuma yaron nan ya tsara nasa ta yadda in an miƙa wa faifai, to ya bar hannunka ke nan sai ya dawo da shi. "Jiya wuni na yi ina ƙoƙarin cusa masa kuskuren nan. Heber, gwada da kanka."

Heber ya ja kujera. Ya rubuta umarnin karɓe gurbi, irin nasa na da. Mai gadin yaren, wanda ke karanta rubutu kafin ya bari ya zama manhaja, ya ƙi: ka riga ka bayar, ba ya hannunka. Heber ya zagayo ta wata hanyar, aka sake ƙi. Ya gwada ta uku yana gumi. Daga ƙarshe ya jingina da kujera ya yi wata gajeruwar dariya.

"Abin nan ya fi surukata taurin kai." Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya ajiye a gaban Yamandú bai kalle shi ba. "Ka ce zan gani. Na gani. Gobe ka fara koya mini, amma in ka yi mini dariya na kore ka."

"Sau ɗaya kawai zan yi, Ƙato," in ji Yamandú.

Don Aparicio ya karɓi ƙoƙonsa daga hannun Marianela, ya zubar da tsohon ganye ta taga, ya zuba sabo, ya gyara bututun. Ya shanye na farko da kansa, mai ɗacin, yadda mai zubawa ke yi. Sannan ya cika na biyu, ya taka har inda Yamandú ke zaune, takalmansa na ƙara a kan katako, ya miƙa masa.

"Fitar da hannunka daga aljihu, ɗana," ya ce. "Sha a hankali. Ba mai karɓewa."

Tsohon ya tsaya a gabansa, hula a hannu, har sai da bututun ya yi ƙarar ƙarewar ruwa.